Sosej ɗin shagon kayan sanyi da makaronin kasko ɗaya, abincin daren ranakun aiki

Duk macen da ke fita aiki a garin Katsina ta san yadda tsakanin la'asar da magariba yake, lokaci ne da ba ya jiran kowa. Ki taso ƙarfe huɗu, ki tsaya neman kurkura, ki biya gidan Hajiya ki ɗauko ƙaramin, kafin ki cire hijabi ki yi sallah biyar ta gota, ga 'yan islamiyya nan tafe shida da 'yan mintuna kowa cikinshi na kuka. Tuwo a irin wannan lokacin sai mai ƙarfin hali, dan ko kin tuƙa shi miyar fa? To ni abin da na koma yi wani lokacin in aiki ya matse ni shi ne makaroni da sosej a kasko ɗaya, rabin awa an gama an zuba, kuma tunda matan ofis ɗinmu suka ɗanɗana wanda na je da shi a kula suke bina da tambaya, ina kike sayen sosej ɗin, wane iri ne, ya halatta kuwa, ba ya ɓata ciki? Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗi abin da na sani a kan shagon da nake saye da kayan nasu, mai daɗi da marar daɗi.

Da farko dai ba gala nake nufi ba, dan da yawa da an ce sosej sai hankalinsu ya tafi wurin gala ta cikin mota. Wannan shi ne dogon jan naman nan da masu shawarma ke sakawa a tsakiya, wanda ake tambayarki ɗaya za a sa maki ko biyu. Nama ne aka niƙe da kitse da gishiri da kayan ƙamshi aka ɗura a fata, yawancin wanda ke zuwa mana nan an riga an dafa shi a kamfani, ke dai ki soya ki ƙara gasa shi.

Shagon ƙarami ne, yana ɓangaren Ƙofar Ƙaura, irin shagunan nan na kayan sanyi masu sayar da kaza da ƙundu da ɗanyen kifi. Ba wani ado a ciki, firiza ne manya a jere, da sikeli, da katakon yanka, da benci ɗaya. Ba kyan wuri ya kai ni ba kuma ba araha ba, sanyi ne ya kai ni. Mai shagon ya sa sola da batira, ga janareta a bayan shago, duk sanda na shiga ko da an kwana biyu ba wuta a unguwar in ya ɗaga murfin firiza hayaƙin sanyi ne ke tashi, ledar sosej ɗin in kika ƙwanƙwasa ta a kan tebur sai kin ji ƙara. Wlh wannan kaɗai ya ishe ni hujja. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kunna janareta ya zama abin da ake lissafi a kai, masu irin wannan sana'ar da yawa kashe firiza suke da dare su kunna da safe, kayan su narke su sake daskarewa su sake narkewa, ke ba ki sani ba kin sayo wa 'ya'yanki ciwon ciki da kuɗinki. Ƙa'idar ajiye naman ƙanƙara shi ne sanyin ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri kuma ya zauna a haka, ba yau sanyi gobe ɗumi ba.

Shi da kanshi mai shagon ya koya mani yadda ake gane wanda ya taɓa narkewa. Ya ɗauko leda ɗaya ya ɗaga ta saitin ƙwan lantarki ya ce, "Hajiya dubi gindin ledar nan, kin ga wani ruwa? In kika ga jan ruwa ya taru a lungu ya daskare, ko kika ga garin ƙanƙara ya cika cikin ledar, ko sosej ɗin sun lanƙwashe sun manne da juna, to ya narke an maida shi. Ko a wurina kika gani ki maido mani." Na ce to Alhaji Allah ya saka da alheri. Daga baya na ƙara da nawa, ledar da ta kumbura ta yi iska ba a saye, haka in kin buɗe a gida ya huce kika ji yana yauƙi a hannu ko wani tsami-tsami na tashi, kar ki ce bari in wanke in soya wuta za ta kashe, zubar da shi kawai, asarar kuɗin ta fi kwanan asibiti sauƙi.

Sai maganar da ta fi damun kowa, kuma ta cancanci ta dame mu. Can ƙasashen da abin ya fito, Jamus da Italiya da Ingila da Amurka, mafi yawan sosej ɗinsu naman alade ne, kuma shi kanshi wannan girkin na taliya da sosej a kasko da ake ta nunawa a bidiyo, matan Amurka da sosej ɗin da suke kira na Italiya suke yinshi, wanda asalinshi alade ne. Ba nan kaɗai matsalar ta tsaya ba, wani sai a rubuta na kaza ko na sa amma fatar da aka ɗura shi a ciki hanjin alade ce. Dan haka ni yanzu ba na sayen wanda ba na cikin ledarshi ta kamfani ba, kuma sai na juya bayan ledar na karanta kayan haɗin ɗaya bayan ɗaya. In kin ga an rubuta pork, ko lard, ko bacon, ko ham, ajiye shi. Ki nemi tambarin halal, ki nemi lambar NAFDAC, ki duba ranar da zai lalace, ki ga adireshin kamfanin a ina yake. Wannan shagon, a cikin masu ledar kamfani, na kaza da na sa kawai yake kawowa, na kamfanonin nan gida Najeriya, kuma in kin nemi ganin kwalin da suka zo ciki zai sa yaro ya ɗauko maki ba tare da ya ɓata rai ba, wannan ma na yaba mashi dan wasu da kin fara tambaya sai su haɗe fuska wai kina zarginsu.

Hajiyarmu, mahaifiyar maigidan, duk da haka ba ta ci. Ranar da ta zo ta tarar ina yankawa ta ɗauki guda ta jujjuya ta ce, "Ke ɗiyar nan, wa ya yanka kazar, kin gan shi?" Na ce a'a Hajiya amma ga tambarin halal. Ta ce to ku ci, ni a dafa mani tawa da mai da yaji. Ban ja da ita ba kuma ban ga laifinta ba, wanda zuciyarshi ba ta kwanta ba ya bari, akwai yadda za a yi girkin ba sosej zan faɗa a gaba.

Kala uku suke da shi. Akwai siririn na kaza, shi ne na masu shawarma, launinshi ja-ja mai haske, laushi gare shi, ba yaji ko kaɗan, yara sun fi son shi. A kasko yana soyuwa da wuri, minti uku huɗu gefenshi ya yi ja ya ɗan kumbura, sai dai ɗanɗanonshi bai da ƙarfi, in ba ki gyara miyar da kyau ba abincin zai fito salam. Wani kamfanin yana barin siririyar roba a jikin kowane ɗaya, sai kin tsaga da wuƙa kin ɓare, ki duba da kyau kafin ki yanka dan ba a cin ta.

Na biyun shi ne nawa, mai kaurin na sa wanda aka yi wa hayaƙi. Ya fi tsada amma shi ke yin aikin. Da kin jefa shi a mai ƙamshi ke tashi har maƙwabta, yana sakin kitsenshi ya rina man ya yi ja, kuma a cikin wannan man za ki soya albasa da kayan miya, to daga nan ɗanɗanon abincin gaba ɗaya yake fitowa. Yana da ɗan tauri da za ki ji kina tauna nama, akwai masoro da tafarnuwa a ciki, kuma ko ya dahu cikin ruwa tare da makaroni ba ya saki ya narke. Guda huɗu ko biyar in kin yanka su sirara a karkace sun ishi leda ɗaya ta makaroni, kowa zai samu a cokalinshi. Matsalarshi ɗaya gishiri, yana da gishiri sosai, in kika sa dunƙule yadda kika saba sawa a jalof abincin ba zai ciwu ba.

Na ukun kuwa ban ba kowa shawarar saye ba, kuma shi ne babban abin da na ƙi a shagon. Wani ne mai araha da suke zubewa a babbar leda marar rubutu suna sayarwa ɗai-ɗai, ba suna ba kwanan wata ba komai. Na saya dan in gwada, launin ya yi ja fiye da kima har yana rina ruwa, in kin yanka ba ki ganin alamar nama sai wani abu sumul, a baki kuma kamar kina tauna soson katifa, fulawa ce da sitaci da kala suka fi yawa. Araha ba ta ado. Kuma tunda ba leda ba rubutu, duk maganar da na yi ta halal da lambar hukuma ba inda za ki duba. Na faɗa ma mai shagon baki da baki, na ce Alhaji wannan yana zubar maka da mutuncin sauran kayan, ya ce masu saye ne ke nema, masu indomi da ƙwai da masu shawarmar bakin titi. Na gane uzurinshi amma ban yarda da shi ba, mutumin da ya kashe kuɗi ya sa sola dan kar kayanshi su lalace bai kamata ya ajiye abin da shi kanshi ba zai iya cewa daga ina ya fito ba.

To bari in zo kan girkin dan a nan ne za ki san ko kuɗinki sun yi amfani.

Kasko nake amfani da shi mai faɗi mai ɗan zurfi wanda yake da murfi, in ba ki da shi tukunya mai faɗin gindi ta yi, abin da ake so makaronin ya baje kar ya taru a tsibi. Tun da safe kafin in fita nake ciro sosej ɗin daga firiza in sa a ƙasan firij cikin kwano, in na manta ko ba wuta to in na dawo sai in jefa ledar a rufe cikin ruwan sanyi, kafin in jajjaga kayan miya ya saki. Kar a bar shi a kan kanta tun safe cikin zafin nan. Ki zuba man gyaɗa kamar cokali uku na cin abinci, ba da yawa ba dan shi ma zai fidda nashi, ki jera yankakken sosej ɗin ki ƙyale shi, kar ki yi ta juyawa, bari gefe ɗaya ya yi ja sosai sannan ki juya. Wannan ja ɗin da ɗan abin da ke kamawa a gindin kasko shi ne daɗin, in kin yi gaggawa a nan kin rage ma abincin rabin armashinshi. Sai ki kwashe shi a faranti ki rufe ki ɗora can sama inda hannun yara ba ya kaiwa.

A cikin man nan za ki zuba albasa babba ɗaya yankakkiya, ta yi laushi, ki sa tafarnuwa da ɗanyar citta dakakku, sai jajjagen tattasai uku da attaruhu biyu ko yadda gidanku ke cin yaji, da tumatir huɗu ko biyar. Lokacin rani da tumatirin Ɗanja da na lambunan Ajiwa ke cika kasuwa ɗanye nake sawa har in ƙara, in damina ta shigo ya yi tsada kuma sai in jiƙa kauɗa in markaɗa ko in sa na leda guda ɗaya, duk yana yi, sai dai na leda yana so ki soya shi sosai har tsamin ya fita man ya taso sama. Kori da tayim rabin ƙaramin cokali kowanne, dunƙule ɗaya tak, gishiri kuwa kar ki sa yanzu sam. Ni ina ɗan marmasa daddawa kaɗan a ciki, kar ki ce za ta ɓata, ba a jin warinta sai dai miyar ta yi zurfin ɗanɗano, maigidan ma da ita na samu kanshi.

Sai ruwa. Nan ne mutane ke tsoro dan mun saba a tafasa taliya a ruwa mai yawa a tace a ɗauraye sannan a haɗa. A wannan girkin ba a tacewa, ɗanyen makaronin ake zubawa cikin miyar ya dahu a ciki. Ledar makaroni giram 500 ce, ruwanta kusan lita ɗaya, wato ledar fiya wata biyu tunda kowace rabin lita ce, in da ruwan zafi a filas ya fi dan ba za ki jira tafasa ba. Ya tafaso ki juye makaronin, ki motsa, ki rage wuta, ki rufe. Duk bayan minti biyu uku ki buɗe ki motsa har gindi dan kar ya kama. Wajen minti goma zuwa sha biyu za ki ga ruwan ya ja baya ya yi kauri yana sheƙi, sitacin da ke fita daga jikin makaronin ne wanda da a rariya za ki zubar, shi ke ɗaure miyar ta manne a kowane ƙwara. In kin ga ya tsotse bai dahu ba ki ƙara rabin kofi na ruwan zafi, in ya dahu da sauran ruwa ki buɗe murfin ki ɗan ƙara wuta. Daga nan ki maida sosej ɗin da ruwan da ya tsatso a farantin, ki watsa yankakken alayyahu ko kabeji da karas da koren tattasai, minti biyu, ki ɗanɗana, sai yanzu ne za ki san ko yana son gishiri, sau da yawa ba ya so. Ki sauke ki bar shi a rufe ya huta kafin a idar da sallah.

Su can madarar kirim suke zubawa a ƙarshe da cukuinsu da ake gogawa a sama. Cukuin tsada gare shi a nan kuma yarana ba su damu da shi ba, ni cokali ɗaya na man shanu nake sawa bayan na sauke, ƙamshin da yake badawa ya fi mani.

Makaronin da ya fi dacewa shi ne gajere, mai murɗe-murɗen nan ko mai lanƙwasa mai rami, dan miya na shiga cikin lungunan. Golden Penny na fi saye saboda shi ne ke kusa a shagon unguwa kuma yana jure motsawa, amma sauran na leda ma suna yi. Doguwar taliya in ita kike da ita ki karya ta uku, sai dai tana son motsi fiye da makaroni dan tana saurin haɗe jiki. Taliyar murji kuwa kar ma ki fara, ita ɗanyar fulawa ce ba ta da ƙarfin na kamfani, minti kaɗan take so a ruwa mai yawa, a nan damewa za ta yi ta koma kunu, a bar ta da mai da yajinta da ta fi kyau da su. Kuma girkin ya fi sauƙi a gas dan kina iya rage wuta yadda kike so, a gawayi ma ana yi amma sai kin rage garwashin bayan ya tafaso in ba haka ba gindin zai ƙone sama bai dahu ba.

Abin da ya sa na riƙe shi ba daɗin kaɗai ba ne, wanke-wanken ne. Kasko ɗaya, katako, wuƙa, faranti. Babbar ɗiyata ke wankewa kafin isha ta gama ta zauna ta yi aikin makaranta. Wadda ba ta da mai taya ta aiki ita za ta gane abin da nake faɗi.

Maigidan da fari ya ce wannan ai abincin yara ne, shi in ba tuwo ba bai ci abincin dare ba. Yanzu yana ci har ya ƙara, sai dai yana so a ajiye mashi yaji a gefe da yankakkiyar albasa da kokwamba. Ban ce ya maye tuwo ba kuma ba na so ya maye, ranar da nake gida tuwon masara ko na dawa da miyar kuka ko kuɓewa nake yi, shi wannan na ranar da lokaci ya ƙure ne.

Kuma akwai dalilin da ya sa ba na yinshi kullum ko da ina da kuɗin, ina so 'yan uwa mata su ji wannan da kyau dan na ga wasu sun maida sosej abin sawa yara a kwandon makaranta kowace safiya. Sarrafaffen nama ne, jan launin nan nashi ba na nama ba ne kawai, wani gishiri ne mai suna naitirait ake sawa dan ya hana ƙwayoyin cuta ya kuma riƙe kalar. A shekarar 2015 sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa sarrafaffen nama irin su sosej cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji na hanji, suka ce wanda ke cin giram 50 kullum, kusan sosej ɗaya ke nan, haɗarin kamuwarshi na ƙaruwa da kimanin kashi 18 cikin ɗari. Maganar mai ci kullum ake, ba wanda ya ci yanka biyar a faranti jefi-jefi ba, amma dai ya isa ya sa uwa ta yi hattara. Ga gishiri kuma, hukumar ta ce babba kar ya kai giram 5 a rana, ƙaramin cokali ɗaya ma bai cika ba, mu kuwa ga dunƙule ga gishiri ga daddawa ga na cikin sosej. In akwai mai hawan jini a gidan a rage mashi ko a ɗibar mashi nashi kafin a maida sosej ɗin. Ni sau ɗaya a sati ne iyakata, wani satin ma ba na yi, kuma ina cika ganye da yawa yadda sosej ɗin zai zama ɗanɗano ba shi ne abincin ba.

Ga wadda ba ta yarda da shi ba, ko take zaune inda ba shagon da za ta amince da sanyinshi, girkin bai tsaya a kan sosej ba. Ki sa mahauci ya niƙa maki nama mai ɗan kitse, ki murza shi da tafarnuwa da citta da masoro da ɗan kanumfari da gishiri, ki gutsuttsura ƙanana ki soya a kaskon har ya yi ja, sauran duk ɗaya ne, wannan shi na yi ma Hajiya da ta sake zuwa ta ci ta sa albarka. Ragowar balangu ko tsire na jiya ma yana yi sosai, a yanka ƙanana a sa a ƙarshe. Kifin gwangwani ma haka, sai dai shi ba a soya shi da fari.

Maganar kuɗi ba zan rubuta farashi ba dan abin da kika saya wannan watan ba shi za ki tarar wata mai zuwa ba. Abin da zan ce shi ne ba abincin araha ba ne. In kika auna da nauyi, mai kaurin nan ya fi naman mahauci tsada, abin da kike saye shi ne lokaci, ba wankewa ba tafasawa ba jiran ya yi laushi ba ƙona gas na awa guda. Leda ɗaya ina raba ta biyu tun ranar da na sayo, in ɗaure kowane kashi a ledarshi daban kafin in sa a firiza, dan kar in narkar da duka in maida rabi. Wadda ba ta da tsayayyar wuta a gida kar ta tara, ta sayi ƙaramar leda ranar da za ta dafa ta cinye a ranar.

Sauran abubuwan da ban ji daɗinsu ba a shagon ƙanana ne amma suna da ciwo. Ba sa rubuta farashi a jiki, sai kin tambaya, kuma abin da yaron shago zai faɗa maki wani lokacin ya sha bamban da na maigidanshi, ba da yawa ba amma ba daɗi. Wurin tsayawa babu, bakin titi ne, in kin zo da mota da yamma sai kin yi nisa kin tako. Na'urar POS ɗinsu kan ƙi yi, in kin yi tiransifa kuma sai kin tsaya jiran alat kina riƙe da kayan ƙanƙara suna narkewa a hannu. Katakon da suke sara kifi a kai nan suke ɗora ledar sosej in za su ƙulla maki, sai kin isa gida kin ji ƙarni a jikin ledar, ni yanzu cewa nake a miƙo mani kai tsaye daga firiza. Kuma mai kaurin yana yawan yankewa, musamman ƙarshen wata da lokacin azumi da masu yin samosa da shawarmar sayarwa ke kwashewa, sai a ce mota ba ta zo daga Kano ba a dawo jibi.

Amma yaran shagon suna da ladabi, ba sa barin mace tsaye ana sallamar maza a gabanta, wanda ya riga zuwa shi ake fara ba, kuma ana kiran sallah suke ja ƙofa, dan haka in za ki je ki je kafin la'asar ko bayan an fito. Sikelinsu kuwa, na sake auna kazar da na saya da na isa gida ta cika. Na roƙi mai shagon abu biyu, ya daina kawo marar ledar nan, ya kuma riƙa ajiye ƙanƙara ko tsohuwar jarida da za a naɗe ma wanda zai yi nisa, dan akwai masu zuwa saye daga Batagarawa da Barhim har da masu wucewa Daura, tafiyar da ta fi awa a mota cikin rana. Ya ce in sha Allah zai duba. Kafin ya duba ɗin, in za ki je ki tafi da ƙaramar kularki ta abinci, ki sa ledar a ciki ki rufe tun a shagon, kuma ya zama shi ne sayayyarki ta ƙarshe kafin ki hau kurkura zuwa gida.